Yadda Ake Ratsa Tsaunukan Sarek Kai Kaɗai da Jaka a Baya

Sarek gandun daji ne da ke can ƙuryar arewacin ƙasar Suwidin, a yankin Jokkmokk, sama da layin Aktik, wato iyakar yankin sanyi na ƙarshen arewacin duniya. An keɓe shi tun 1909, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 2,000, kuma a cikinsa akwai tsaunuka shida da suka haura mita 2,000, mafi tsawonsu Sarektjåkkå mai mita 2,089. A kan tsaunukan akwai tulin ƙanƙara kusan 100, irin wadda ta shekara ɗaruruwa ba ta narke duka ba, kuma daga ƙarƙashinta ne kogunan wurin suke fitowa. In ban da ɗan guntun Kungsleden, doguwar hanyar masu tafiya a ƙafa, da ya gifta gefen kudu maso gabas, babu hanya mai alama, babu masauki, babu kanti, waya kuma ba ta kamawa. Sunayen wurare a nan an bar su yadda suke a taswira, domin da su za ka yi aiki.

Mutum biyu in ɗaya ya yi targaɗe, ɗayan ya kafa tanti, ya dafa shayi, ya nemi taimako. Wanda yake shi kaɗai ba shi da mai gyara masa kuskure. Saboda haka duk shirin da ke ƙasa a kan abu ɗaya aka gina shi: ka tafi da rarar kwana, rarar abinci da rarar ƙarfi, yadda jira ko komawa da baya ba zai yi maka tsada ba. Kuma Sarek ba wurin koyo ba ne. Wanda bai taɓa kwana biyar a jere cikin tanti ana ruwa ba, ya fara da Kungsleden tsakanin Saltoluokta da Kvikkjokk, inda akwai alamomi da gadoji da ɗakunan kwana na STF, ƙungiyar masu yawon buɗe ido ta Suwidin.

Lokaci da hanya

Damar gajeriya ce, daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Satumba. Kafin nan dusar ƙanƙara tana kan narkewa, koguna sun cika sun batse. A Yuli sauro yakan yi yawan da sai ka sa raga a fuska kafin ka iya cin abinci a cikin kwari. Bayan tsakiyar Agusta sauro ya ragu, ruwan koguna ya sauka, amma dare ya fara duhu, raɓa tana daskarewa a kan tanti, dusar ƙanƙara kuma tana iya sauka ko yaushe. Ga mai tafiya shi kaɗai, makonni biyu na tsakiyar Agusta sun fi dacewa, domin koguna ne babban haɗarinsa, ba sauro ba.

Sananniyar hanya tana farawa daga arewa. Jirgin ƙasa na dare ya kai ka Gällivare, bas ta kai ka Ritsem, jirgin ruwa ya tsallakar da kai tafkin Akkajaure. Daga nan ka bi hanya mai alama zuwa Gisuris, sannan ka rabu da ita ka shiga kwarin Ruohtesvágge, ka isa Skárjá a tsakiyar gandun, ka haura Snávvávágge, ka sauka kwarin Rapadalen, ka fito Aktse a kan Kungsleden, ka ƙarasa Saltoluokta ko Kvikkjokk. Tafiyar ta haura kilomita 100. Ka lissafa mata kwana takwas, ka ɗauki abincin kwana goma. Kwana biyun nan na kwanciya cikin tanti ne ranar da iska ta hana tafiya ko kogi ya hana tsallakawa, kuma kada ka sayi tikitin komawa da zai sa ka ji ba za ka iya kashe su ba.

A Skárjá akwai gada a kan wani kwazazzabo mai zurfi. Ana ɗora ta a farkon lokacin zafi, a ɗauke ta kafin sanyi, don haka ka tabbatar tana nan kafin ka tashi. Kusa da ita akwai ɗan ɗakin Mikka mai wayar neman agaji. Ba ɗakin kwana ba ne. Haka su ma ɗakunan kwano da masanin duwatsu Axel Hamberg ya gina don bincikensa, da bukkokin makiyayan Sami, 'yan asalin yankin, a kulle suke, kada ka sa su cikin lissafi.

Kafin ka bar inda waya ke kamawa, ka rubuta wa wani amintacce hanyarka kwari bayan kwari, da hanyar da za ka bi in ka fasa, da launin tantinka da na rigarka, da ranar da za ka fito, da ranar da zai kira 112, lambar agajin gaggawa, in bai ji daga gare ka ba. Ka bar kwana biyu tsakanin ranakun nan. Ka kuma riƙe na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, irin Garmin inReach, ko ƙaramar na'urar kiran ceto. A jikinka za ta zauna, cikin aljihu mai zif. In tana cikin jaka kuma kogi ya tafi da jakar, ta tafi ke nan.

Kaya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da za ka ɗauka ka gwada shi a gida, musamman takalmi da tanti. Jaka mai cin lita 70 zuwa 80 ta isa, nauyinta da komai da komai kada ya wuce kilo 20 zuwa 22, kuma kusan kilo 7 da rabi daga ciki abinci ne. Ka shimfiɗa babbar leda mai kauri a cikin jakar ka zuba komai a ciki. Murfin ruwan da ake rufa wa jaka daga waje iska takan kwashe shi, kuma ba ya hana komai in ka faɗa kogi.

Tanti ya zama mai jure iska, mai igiyoyi da yawa, wanda ake kafa rufinsa na waje tare da na ciki, don kada cikin ya jiƙe kana kafawa. Jakar barci wadda za ka yi barci mai daɗi a cikinta a digiri 5 ƙasa da sifiri, da katifa mai hana sanyin ƙasa. In katifar ta hurawa ce, ka haɗa da abin faci.

Auduga kuwa ka bar ta a gida gaba ɗaya, har singileti da safa. Wanda ya saba da ƙasar zafi ya san auduga da sanyaya jiki, to wannan halin nata ne yake kashe mutum a can: ta sha gumi, ta ƙi bushewa, ta yi ta zuƙe ɗumin jiki. A jikin fata ulu ko yadin roba, sama da shi rigar ɗumi, a waje riga da wando masu hana ruwa da iska. Hula da safar hannu ko a Yuli. Sannan ka ware kaya guda, riga da wando da safa na ulu, ka ɗaure su a ledarsu, na barci ne kawai. Da safe ka cire su ka mayar da jiƙaƙƙun jiya, duk da rashin daɗinsu. Minti goma na tafiya za su ɗumama. Wanda ya yi tafiya da kayan barcinsa don gudun wannan minti goman, daren ranar ba shi da busasshen abu ko ɗaya.

Abinci gram 700 zuwa 800 a rana, busasshe, mai maiƙo. Kuskus da taliya siririya sun fi shinkafa domin ba sa cin gas. Garin rogo, in ka samu a shagunan kayan Afirka, babban aboki ne: da ruwan sanyi, sukari, madarar gari da gyaɗa ka ci ka ƙoshi ba ka kunna wuta ba, ranar da risho ya ƙi ko hannu ya ƙage. Dabino, ƙuli-ƙuli, cakulan da man zaitun a ƙaramar gora. Kilishi kuwa kada ka taho da shi daga gida, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje. Tukunyar gas mai gram 230 takan tafasa ruwa lita 15 ko fiye in ka kare wutar daga iska ka rufe tukunya, wato mako guda ga mai dafa lita biyu a rana. Ka ƙara ƙarama mai gram 100. Ba a shiga jirgin sama da gas, a can za ka saya. Kada ka dogara da itace, yawancin hanyar tana sama da inda bishiya ke tsirowa.

Tafiya inda babu hanya

Kilomita 10 zuwa 15 a rana shi ne lissafin gaskiya. Iskar wurin garau take, kwarin kuma buɗaɗɗe, sai ka hango bakin kwari kamar ka miƙa hannu ka taɓa, alhali yini guda ne tsakaninku. Hangen Dala ba shiga birni ba. Abin da ke cin lokaci iri uku ne. Akwai fadama, wadda takan haɗiye ƙafa zuwa ƙwauri. Akwai filin manyan duwatsu da suka zubo daga tsauni, inda ake taka saman dutse ɗaya bayan ɗaya. In ruwa ya jiƙa gansakukan da ke kansu sai su yi santsi kamar sabulu, nan ne ake karya ƙafa, don haka a rage tsawon taki, kada a yi tsalle da jaka a baya. Akwai kuma sarƙaƙiyar gajerun itatuwa a bakin ruwa, musamman a Rapadalen, wadda ta fi mutum tsawo, inda kilomita ɗaya zai iya cin sa'a guda. Maganinta sau da yawa shi ne ka hau gangare kaɗan ka bi samanta, ko ka nemi sawun dabbobi.

Taswirar takarda da kamfas su ne asali, waya ƙari ce. Sanyi yana zuƙe batir, ruwa kuma yana hana gilashin waya jin yatsa. Allurar kamfas a can tana karkata wasu 'yan digiri zuwa gabas daga arewa ta ainihi, adadin yana rubuce a gefen taswira, ka gyara shi. In hazo ya sauko kana kan tudu, ka san inda kake tun kafin ya rufe ka, ka ɗauki alƙibla zuwa abin da ba za ka kuskure ba, kamar rafi ko tafki. In ba ka tabbata ba, ka kafa tanti. Tulin ƙanƙara kuwa mai tafiya shi kaɗai ba ya hawa kanta ko kaɗan, domin tsagoginta a rufe suke da dusa, ba wanda zai jawo ka.

Tsallake kogi

Nan ne za ka fi yanke shawara mai nauyi, wani lokaci sau biyar a rana. Ruwan daga ƙanƙara yake fitowa, sanyinsa bai wuce digiri kaɗan sama da daskarewa ba, cikin minti biyu ƙafa ta daina jin abin da take takawa. Kuma yawansa yana bin rana: da hantsi ƙanƙara ta fara narkewa, da la'asar kogi ya kai ƙarshen cikarsa, da asuba ya sauka. Kogin da ya gagare ka ƙarfe huɗu na yamma, sau da yawa ƙarfe biyar na asuba bai wuce gwiwa ba. Bayan ruwan sama mai yawa ma haka, yakan tashi cikin sa'o'i kaɗan ya kuma sauka cikin yini ɗaya. Wannan ne amfanin rarar kwana biyun nan.

Ka ajiye jaka ka bi gaɓa sama da ƙasa, ko da rabin sa'a ne, kana neman mashigi. Wuri mai ƙunci yana ruɗin ido saboda kusancin ɗaya gaɓar, amma nan ruwa ya fi zurfi da ƙarfi. Ka nemi inda kogin ya baje ya rabu rassa-rassa a kan tsakuwa, ka tsallake su ɗaya-ɗaya kana hutawa a tsibiran tsakani. Ka dubi abin da ke ƙasa da mashigin: in akwai gangaren ruwa, ko kwazazzabo, ko dusar ƙanƙara da ruwan ke shigewa ƙarƙashinta, ba mashigi ba ne, komai ƙarancin zurfinsa. Ka dubi gaɓar da za ka fita, kada ta zama bango. Ruwan da ya fito daga tulin ƙanƙara fari-fari ne kamar an dama koko, ba a ganin ƙasansa, sai da sanda ake auna shi. Ka kasa kunne kuma. In kana jin ƙarar duwatsu suna gungurawa a ƙarƙashi, ruwan da ke tura dutse zai ture ka.

Ƙa'idar mai tafiya shi kaɗai: ruwa mai gudu in ya wuce gwiwa, a fasa. Ruwa mai laushi za a iya shiga har cinya.

In ka yanke shawarar shiga, ka cire wando da safa ka sa su a leda, ko ka bar wandon ruwa kawai ka ɗaure bakinsa. Kada ka shiga ba takalmi. Tafin ƙafa da ya mutu da sanyi ba ya jin yanka. Wasu suna ɗaukar takalmin roba mai rufe yatsu mai maɗauri a dunduniya, wasu suna tafiya da takalmi marar nauyi su shiga ruwa da shi su ci gaba. Silifa dai ruwa zai tafi da ita. Ka kwance maɗaurin ƙugu da na ƙirji na jakarka, don in ka faɗi ka iya zame ta, in ba haka ba ita za ta danna fuskarka cikin ruwa. Ka fuskanci inda ruwa ke fitowa, ka kafa sanda a gabanka ka jingina da ita, ka riƙa matsawa gefe-gefe kana ɗan bin ruwa. Abu ɗaya ake ɗagawa a lokaci guda: ƙafa, sannan ɗaya ƙafar, sannan sanda. Kada ƙafafu su gitta juna. Kada ka zuba wa ruwan ido, jiri zai ɗebe ka, ka dubi gaɓa. In ka kai kashi ɗaya cikin uku ka ji ƙasa tana zamewa daga ƙarƙashin ƙafarka, ka koma yadda ka zo, tsakiya ta fi nan. Igiya kuwa kada ka ɗaura ta a jikinka. Babu mai jan ta, aikinta kawai ta riƙe ka a ƙarƙashin ruwa.

Wani lokaci za ka tarar da dusar ƙanƙara ta yi gada a kan rafi, da sawun mutane a kai. Sawun na jiya ne ko na makon jiya, gadar kuwa daga ƙasa take narkewa. Ka leƙa ta daga gefe ka ga kaurinta, ka soka sanda kafin kowane taki. A ƙarshen Agusta yawancinsu ba abin yarda ba ne.

Zango da sanyi

Ka tsaya tun da sauran ƙarfi. Wurin tanti ya zama busasshe, ɗan tudu, nesa da gindin gangaren da duwatsu ke zubowa, kuma ba a kan tsakuwar bakin kogi ba, domin ruwa yana tashi da dare. Ka juya ƙunƙuntar tantin wajen iska, ka fara kafa turakun wannan ɓangaren, ka ɗora dutse a kan kowane turke. Da ka tashi ka mayar da duwatsun inda ka ɗauko su. In dole ka yi girki a barandar tanti, ka buɗe ƙofa, hayaƙin gas marar wari yana kisa a rufaffen wuri.

Sanyin da ke kama mutane ba na dare mai daskarewa ba ne, na rana ce mai digiri 4 da yayyafi da iska, mutum ya jiƙe, ya gaji, bai ci abinci ba. Alamar farko karkarwa, sannan yatsu su kasa jan zif, sannan tuntuɓe, sannan tunani ya yi nauyi har mutum ya ga babu komai. Mai aboki, abokin ne zai lura. Kai kuwa sai ka gwada kanka: ka haɗa babban yatsa da ƙaramin yatsa na hannu ɗaya. In ya yi wuya, tafiyar yau ta ƙare. Ka kafa tanti tun hannu yana aiki, ka sa busassun kaya, ka shiga jakar barci, ka ci abu mai zaƙi, ka sha mai zafi.

Ruwan ƙoramu masu gudu yawanci ana shansa haka nan, amma ka ɗebi mai haske daga ƙaramar ƙorama, ka bar mai farin laka. Bayan gida a yi shi aƙalla mita 100 daga ruwa, a tona rami a binne, a ɗebi ruwan tsarki a gora a tafi da shi can. Ƙafa kuma a duba ta kowane dare. Inda ya fara ja a manna filasta tun bai zama bororo ba.

Musulmi yana da ƙarin shiri. Daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa a can, a Agusta ma shafaƙi yakan daɗe bai ɓace ba. Malamai sun yi bayanin yadda ake ƙaddara lokutan salla a irin waɗannan wurare, ka tambaya tun kana gida, ka rubuta jadawalin a takarda, tare da hukuncin ƙasaru da shafa a kan huffi. Alƙibla daga Sarek tana wajen digiri 150 daga arewa ta ainihi, wato kudu da ɗan karkata gabas. Ruwan alwala a ranar sanyi ka ɗan ɗumama shi, ka goge jiki nan take, ka sa wannan cikin lissafin gas.

Ƙasar tana da masu ita

Sarek yana cikin yankin Laponia da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1996, kuma makiyaya ce ta mutanen Sami tun kafin a kira shi gandu. Barewar da za ka gani garke-garke dabbobin kiwo ne, kowace da mai ita da shaida a kunne. Lokacin zafi ne suke tara kitsen da zai fitar da su hunturu, duk gudun da ka sa su asara ce ga makiyayi. In garke yana tafe, ka zauna ka yi shiru har ya wuce, in yana kiwo ka yi masa zagaye mai nisa. Shara kuwa, har bawon alewa, da ita za ka fito.

Daga Aktse, in sama ta washe kuma akwai sauran kwana, ka bar jaka ka hau Skierffe mai mita 1,179, ka ga yadda kogin Rapa ya rarrabu yana shiga tafkin Laitaure. Bakin dutsen a tsaye yake babu shinge, a kwance ake leƙawa. Daga nan duk inda ka nufa akwai tafki a gabanka, Laitaure ta kudu, Sitojaure ta arewa. Akwai masu jirgin inji da ke tsallakarwa a ƙayyadaddun lokuta da kuɗi, ka riƙe tsabar kuɗin ƙasar saboda haka. A Laitaure akwai kuma jiragen tuƙi na kyauta, da sharaɗin kowace gaɓa a bar mata aƙalla ɗaya. In ɗaya ka tarar a gefenka, sai ka tuƙa ka je, ka jawo wani ka dawo da shi, ka sake komawa, tsallakawa uku ke nan, kuma in iska ta taso a jira ta kwanta. Da zarar waya ta kama, kafin wanka, kafin abinci, ka kira wanda ka bar wa takardar hanyarka ka ce masa ka fito, don kada ranar da kuka sa ta cika ya tayar da jirgi mai saukar ungulu neman wanda ke zaune yana shan shayi a Saltoluokta.